Wa ya sa hannu a yarjejeniyar? Muhawara kan Hobbes, Locke da Rousseau

Malam Nura:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da masana falsafar siyasar Turai na ƙarni na 17 da na 18, ina so mu baje shi a faifai. John Locke, a littafinsa kan gwamnati da ya fito a Landan ƙarshen 1689, ya ce kowane mutum ɗa ne tun daga haihuwa, yana da haƙƙi a kan ransa da walwalarsa da dukiyarsa tun ba a san wani abu wai shi hukuma ba, kuma ba mai ikon mulkarsa sai da yardarsa. Mulki amana ce da ta taso daga yarjejeniyar da jama'a suka ƙulla. Ranar da mai mulki ya ci amanar, jama'a na da ikon karɓe abinsu. Magana mai daɗin ji. To amma yaushe aka nemi yardar? Shi kansa Locke ya san za a tare shi da wannan tambaya, sai ya ce ai ba dole sai mutum ya buɗe baki ba. Wanda ya mallaki fili a ƙasa, ko ya kama ɗakin haya na mako guda, kai ko hanya kawai ya bi ya wuce, ya riga ya yarda da dokokin ƙasar. Shirunsa amsa ce.

A 1748 David Hume, mutumin Sikotlan, ya mayar masa da martani. Ya ce talakan da ba ya jin yaren kowa sai nasa, wanda sai ya fita yake samun na tuwo, ta yaya za a ce zamansa a ƙasar haihuwarsa zaɓi ne? Ya kamanta shi da wanda aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, ya farka a tsakiyar teku, sannan a ce tunda bai faɗa ruwa ba ya amince da ikon matuƙin. Ni dai a ganina Hume ya gama da Locke a nan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk da haka maganar Locke ce ta shiga kundayen tsarin mulkin duniya, ta Hume ta tsaya a aji. Me ya sa?

Zainab A.:
Wa alaikumus salam Malam. Ni tambayata ta ɗalibai ce: su da kansu sun ɗauka an taɓa yin wani taro a tarihi aka ƙulla wannan yarjejeniya, ko misali kawai suke bugawa?

Malam Nura:
Ƙanwata, ba bakinsu ɗaya ba. Locke ya so ya nuna abin ya faru, har yana kawo kafuwar Rum da Venice da zaman wasu al'ummun Amurka na asali a matsayin shaida. Thomas Hobbes bai damu sosai ba. Ya ce in kana son ganin zaman da babu hukuma, dubi abin da mutane ke zama a lokacin yaƙin basasa, ko dubi yadda sarakuna ke zaman doya da manja da juna tunda ba wanda ke samansu. Immanuel Kant a 1793 ya fito fili ya ce ba tarihi ba ne, ma'auni ne: duk dokar da za a kafa a tambaya, shin jama'a baki ɗaya za su iya yarda da ita in da an tambaye su? In ba zai yiwu ba, dokar zalunci ce.

Baba Ado:
Ni ban yi wannan karatu naku ba, abin da na sani a nan nake tsinta. Amma wannan Hobbes ɗin shi ne mutumina. Na yi shekaru ina harkar hatsi tsakanin ƙauyuka, kuma idona ya ga garin da hukuma ta janye. Magariba na yi mata su ɗauki tabarmi da yara su nufi cikin dawa, nan za a kwana, ba a kunna ko tocila, jariri in ya fara kuka uwar ta cusa masa nono ko ba ya so. Gero ya nuna a gona ba mai iya zuwa yanka sai an haɗa kuɗi gida-gida an kai wa masu bindiga. Ku je ku tambayi mutanen nan ko an nemi yardarsu kafin a mulke su, ku ji amsar da za su ba ku. Su dai a zo a mulke su, ko wane ne.

Malam Nura:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai daga irin wannan wuri littafin ya fito. An haifi Hobbes a 1588, shekarar da jiragen yaƙin Sifen suka doshi Ingila, har yana cewa tagwaye mahaifiyarsa ta haifa, shi da tsoro. Da ya ga rikici tsakanin sarki da majalisa ya fara ƙamari sai ya tsere Faris a 1640. Yana can yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, yana can aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a bainar jama'a a Janairun 1649. Littafinsa Leviathan ya fito a 1651. Ku nemi hoton da ke shafin farko ku gani: wani ƙaton mutum ne mai kambi ya leƙo daga bayan tuddai, takobi a hannun dama, sandar limaman coci a hagu, in ka matso sai ka ga jikinsa duka ƙananan mutane ne cunkushe, kowa ya juya mana baya yana kallon fuskar sarkin. Hujjarsa ke nan a hoto ɗaya. Kuma a wajensa jama'a da junansu suka yi alkawari. Shi mai mulki ba ya ciki, don haka ba yadda za a ce ya saɓa.

Barista Hauwa:
Baba, ku yi haƙuri in ɗan yi muku shisshigi. Hobbes ba abokin hukuma ba ne kamar yadda ake zato. A babi na 21 na littafin nan ya faɗa ƙarara cewa wajibcin biyayya yana nan ne muddin mai mulki na iya ba da kariya, in ikon kariya ya ƙare, biyayya ta faɗi. Har wa yau ya ce alkawarin da aka yi saboda tsoro alkawari ne mai ƙarfi, kuma wanda ya ci ka da yaƙi ka sallama masa don ya bar ka da ranka, ya zama mai mulkinka daidai da wanda aka naɗa. To ku ɗora wannan a kan ƙauyen da kuka ba mu labari. Wa ke riƙe da takobin? Wa ake kai wa kuɗi don a samu a yi girbi? In dai Hobbes za mu bi sau da ƙafa, mutanen nan sun riga sun sake sabuwar yarjejeniya, kuma ba da gwamnati ba. Ni abin da ke ba ni tsoro da shi ke nan. Ba shi da abin da zai raba sarki da ɗan fashi in ban da girman takobi.

Baba Ado:
Kai, 'yata, kin ɗaure ni da jijiyata. Amma ɗan fashi ba ya yi maka shari'a da maƙwabcinka.

Barista Hauwa:
Wasunsu suna yi, Baba. Kun fi ni sani.

Moussa Maraɗi:
Ku ba ni wuri in shigo da Rousseau, don mu a nan Nijar duk wanda ya kai ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, sai ya sha shi a darasin falsafa, har jarrabawa muke rubutawa a kansa. Ana yawan haɗa shi da Locke kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, alhali shi ne ya fi kowa zargin irin yarjejeniyar Locke. A rubutunsa na 1755 kan asalin rashin daidaito, ya ce mutumin farko da ya shinge fili ya ce nawa ne, ya kuma samu wawayen da suka yarda, shi ya kafa zaman da muke ciki. Daga baya mai dukiya ya ga ƙarfi kaɗai ba zai tsare masa abinsa ba, sai ya zo da zaƙin baki ya ce mu haɗu mu kafa doka don ta kare kowa. Kowa ya ruga ya sa wuyansa a igiya yana zaton 'yanci ya samu. A idonsa yarjejeniyar farko damfara ce.

Littafinsa na 1762 kan yarjejeniyar zaman jama'a ƙoƙari ne na zana wadda ba damfara ba. Kowa ya miƙa kansa ga jama'a gaba ɗaya, jama'a da kansu su kafa doka, ba wakilai ba. Akwai inda ya yi wa Ingilishi ba'a, ya ce suna ganin su 'yantattu ne, alhali 'yancinsu na ranar zaɓen 'yan majalisa ne kawai, ana gama zaɓe sun koma bayi. Garinsu Geneva bai bari shekarar ta ƙare ba ya sa aka ƙona littafin. A 1794 kuma, shekara 16 bayan mutuwarsa, 'yan juyin juya halin Faransa suka tono gawarsa suka kai Panthéon, makwancin gwarazan ƙasa a Faris, da kaɗe-kaɗe.

Sadiq:
Wannan ta ranar zaɓe ta shige ni wallahi.

Zainab A.:
Amma Yaya Moussa, ba shi ne ya ce wanda ya ƙi bin muradin jama'a za a tilasta masa ya zama mai 'yanci ba? Ni wannan jimla ba ta kwanta mini ba.

Moussa Maraɗi:
Shi ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Masu kare shi na cewa nufinsa dokar da kai ma da hannunka a kafa ta, in ta hau kanka ba bauta ba ce. Masu sukarsa na nuna Robespierre, jigo a juyin juya halin Faransa, wanda ke ganin kansa almajirin Rousseau, da kawunan da aka fille a 1793 da 1794 da sunan jama'a. Ni ina ganin laifin da za a iya kama shi da shi shi ne bai bar wa mutum ɗaya wata mafaka ba in jama'a suka juyo kansa. Locke ya bar.

Sadiq:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da abin. Ba kamar adashi ba ne? Kowa ya zuba, uwar adashi ta riƙe, ranar kwasarka a ba ka. In ta ci amana a canja ta.

Malam Nura:
Sadiq, adashi da ƙafarka ka shiga, zagaye na ƙarewa kana iya cewa ka fita, kuma ba a rubuta sunan ɗanka tun yana ciki. Ainihin wurin da Hume ya soka ke nan.

Ustaz Kabiru:
Assalamu alaikum. Ina ta bin ku tun ɗazu. Abu biyu. Na farko, kada a ɗauka sai da Turawa suka zo aka san mulki da yardar jama'a. Mubaya'a ƙulli ne tsakanin ɓangare biyu, da hannu ake yi, ido na ganin ido. A huɗubarsa ta farko Sayyidina Abubakar ya ce a yi masa biyayya muddin yana yi wa Allah da Manzonsa biyayya, in ya saɓa babu biyayya a kansu. Ana kuma ruwaito Sayyidina Umar yana tambayar gwamnan Masar yaushe suka mai da mutane bayi alhali iyayensu mata sun haife su 'ya'ya. A ƙasarmu ma, a Gudu a 1804, mubaya'a jama'a suka yi wa Shehu Usmanu, ba gado ya ci ba. Na biyu, haƙƙin da ba Mahalicci ya ba da ba, wa zai hana wani ya ƙwace? Abin da majalisa ta bayar yau, majalisa na iya sokewa gobe.

Malam Nura:
Allah gafarta Malam, a batu na biyu ai kun yi tarayya da Locke. Hujjarsa ta cewa ba mai ikon halaka wani ko kansa ita ce mutane duka aikin Mahalicci ɗaya ne, mallakarsa ne, shi ya aiko su duniya. Rabin farko na littafinsa ma gardamar nassi ce da Robert Filmer, wanda ya ce sarakuna sun gaji mulki ne daga Annabi Adamu. Locke ya bi ayoyin Attaura ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe ya ce ko da an yarda, to a nuna mana wane ne magajin Adamu a yau. A wasiƙarsa ta 1689 kan haƙuri da addinin juna ya ce bai kamata a hana Musulmi ko Bayahude haƙƙin ɗan ƙasa saboda addininsa ba, amma wanda bai yarda da Allah ba ya ce ba za a lamunce masa ba, tunda rantsuwa ba ta kama shi. Wanda ya yi watsi da batun haƙƙin asali ɗungurungum shi ne Jeremy Bentham, da ya kira shi shirme. A wajensa doka ce ke haifar haƙƙi, ba wani abu kafin ta.

Inda nake ganin hanya ta rabu shi ne tawaye. Locke ya halatta shi. Galibin malamanmu na Sunna sun hana fito-na-fito da shugaba ko da azzalumi ne, saboda gudun fitina. Wannan dalili ai kusan na Hobbes ne.

Ustaz Kabiru:
Kusa dai, Malam Nura, ba ɗaya ba. A wajen Hobbes abin da sarki ya ce shi ne doka, har fassarar littafin addini a hannunsa take. A wajenmu shari'a na saman sarki, alƙali na iya yanke hukunci a kansa, kuma babu biyayya ga abin halitta a saɓon Mahalicci. Hana ɗaukar makami daban, halatta zalunci daban. Kuma ka duba Kitabul Farƙ na Shehu, yadda ya jero haraje-harajen da sarakunan Hausa ke ɗora wa talakawa da ƙwacen dukiya da cin hanci a wajen shari'a. Mai wannan rubutu ba cewa yake a yi shiru ba.

Dakta Rabi:
Na so in yi kallo kawai, amma akwai mutanen da ba a ambata ba tun da aka fara, kuma su ne amsar tambayar Malam Nura.

Locke da ya buɗe littafinsa da la'antar bauta yana da hannun jari a Royal African Company, kamfanin da ke lodin mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake. Shi ne kuma sakataren iyayen gidan mulkin mallakar Carolina a Amurka lokacin da aka rubuta tsarin mulkinta na 1669, wanda a ciki aka ce kowane ɗa a Carolina yana da cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙe. Masana na gardama kan yawan abin da ya fito daga alƙalaminsa, amma ba mai musun yana wurin. Batunsa na cewa gumi ke sa fili ya zama naka, ƙasar da ba a noma kuma asara ce, shi aka riƙa kafa hujja da shi ana karɓe ƙasar mutanen Amurka na asali. Thomas Jefferson da ya rubuta a sanarwar 'yancin kan Amurka ta 1776 cewa an halicci mutane duka daidai ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ƙirga bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa.

Yanzu ku zo Faransa. Ranar 26 ga Agustan 1789 majalisa ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan'adam da ɗan ƙasa mai sashe 17. Sashe na farko ya ce ana haihuwar mutane 'yantattu masu daidaiton haƙƙi. Na biyu ya lissafa haƙƙoƙin: 'yanci, dukiya, tsaro, da bijire wa zalunci. A daidai lokacin, a Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, mallakar Faransa da ta fi kowace kawo kuɗi, bayi kusan rabin miliyan ne ke noman rake da kofi. Masu gonaki suka riƙe kalmar dukiya, suka ce bayinmu dukiyarmu ce, sanarwar ma ta kare mu. Wani ɗa mai suna Vincent Ogé, ruwa-biyu, mai kuɗi, ya je Faris neman a ba irinsa ƙuri'a kawai, bai ma nemi a 'yanta bayi ba. Da bai samu ba ya koma ya ɗauki makami a 1790. Aka kama shi, a Fabrairun 1791 aka ɗaure shi a dandalin Cap-Français aka karairaya gaɓoɓinsa da ƙarfe yana raye, sannan aka kafe kansa a kan sanda.

Wata shida bayan haka, a Agustan 1791, bayin filayen arewa suka tashi suka cinna wa gonakin wuta. Ba wanda ya gayyace su cikin yarjejeniyar, da adda suka shigo. Sai da suka riƙe ƙasa da makami sannan majalisar Faris ta soke bauta ranar 4 ga Fabrairun 1794. Napoleon ya turo runduna ƙarƙashin surukinsa Leclerc, ya maido da bauta a wasu yankunan mallaka a 1802, aka yaudari Toussaint Louverture, jagoran bayin da suka tashi, aka kama shi, ya mutu a kurkukun Fort de Joux a Faransa cikin sanyin duwatsu a Afrilun 1803. Amma Dessalines, ɗaya daga cikin janar-janar ɗinsa, ya ƙarasa yaƙin, ranar 1 ga Janairun 1804 aka shelanta Haiti.

To Malam Nura, ka ce me ya sa maganar Locke ta rayu ta Hume ta tsaya a aji. Hume gaskiya ya faɗa, amma gaskiyarsa ba ta ba wanda ke cikin jirgin abin riƙewa. Ƙarshenta cewa ya yi muna biyayya ne don zaman tare ba ya yiwuwa sai da ita. Ita kuwa maganar an haifi kowa ɗa, da zarar mai mulki ya furta ta ya ba wanda ya danne sandar dukansa.

Sadiq:
Dakta, ni abin da na fahimta daga bayaninki shi ne duk munafunci ne. Mai sayar da kakanninmu ne zai koya mana 'yanci? A tattara a mayar musu da kayansu.

Dakta Rabi:
A'a Sadiq, ba haka na ce ba. Toussaint bai mayar musu ba, riƙewa ya yi ya ce su cika. Sannan kada mu yi tuya mu manta da albasa. Mu ma muna da namu layin da muka ja tsakanin wanda ya cancanci 'yanci da wanda bai cancanta ba. Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a 1615 cewa baƙar fata ba ta sa mutum ya zama bawa, har ya ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Jarumtaka ce a zamaninsa. Amma layinsa addini ne, wanda ke ɗaya gefen ya halatta. Kama Musulmi ana sayarwa na cikin abubuwan da suka harzuƙa jama'ar Shehu, duk da haka daular da aka kafa ta cika da bayi a rumada da gidajen sarauta har zuwan Turawa. In za mu auna Locke da abin da ya bari a waje, mu auna kowa da mudu ɗaya.

Ustaz Kabiru:
Wannan magana tana da tsawo, Dakta, kuma akwai bambanci a hukuncin bawa tsakanin wuraren biyu. Amma ban musa cewa an yi ba.

Zainab A.:
Mata fa? Naji ana ta cewa kowa, kowa.

Barista Hauwa:
Kowa ɗin bai kai kanmu ba, ƙanwata. Tsarin mulkin Faransa na 1791 ya kasa 'yan ƙasa biyu: masu ƙuri'a su ne maza masu biyan harajin da ya kai ladan aikin kwana uku, sauran 'yan kallo. A shekarar Olympe de Gouges ta ɗauki sanarwar 1789 ta sake rubuta ta sashe-sashe da sunan mata, ta ce tunda mace na iya hawa dandalin kisa, dole ta iya hawa mumbarin jawabi. A Nuwamban 1793 dandalin kisan ta hau. Rousseau kuwa a littafinsa na tarbiyya cewa ya yi a rene mace don ta faranta wa namiji, abin da Mary Wollstonecraft ta yi masa raddi a kai a 1792. Matan Faransa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1945.

Moussa Maraɗi:
Ƙari kan na Dakta: a 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai Haiti ta biya faran miliyan 150 diyyar dukiyar da masu gonaki suka rasa kafin a amince da ita. An rage zuwa miliyan 90 a 1838, kuma bashi suka ci daga bankunan Faransa don su biya. Wannan ba a faɗa mana shi a darasin falsafa ba.

Barista Hauwa:
Tunda Malam Nura ya ambaci kundayen tsarin mulki, ga yadda zaren ya iso gidanmu. Babin haƙƙoƙin ɗan'adam ya shiga dokar Najeriya gab da samun 'yanci, bisa shawarar kwamitin Willink na 1958 da ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu, kuma daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta 1950 aka kwaso shi. Kundin 1999 ya buɗe da cewa mu jama'ar Najeriya mun ba kanmu wannan tsari, alhali da dokar soja mai lamba 24 ta 1999 aka kafa shi, ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba. Sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, tsaro da walwalarsu kuma su ne babbar manufar gwamnati. Ga Rousseau ga Hobbes a sashe ɗaya. Sai dai sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kan babin da wannan ke ciki.

Moussa Maraɗi:
Mu an tambaye mu, Barista. An yi ƙuri'ar raba gardama a 2010, kundin ya wuce. A 2023 aka jingine shi. Ban ga alamar sa hannu ya ƙara masa kwana ba.

Admin:
Jama'a a yi hattara, dokar zaure ba ta canja ba: ban da siyasar yau. A koma kan masu littafi.

Baba Ado:
An koma. Ni dai har yanzu ba wanda ya amsa mini. Duk waɗannan haƙƙoƙi da kuke lissafawa, sai da rai ake cin moriyarsu. Mutanen Haiti ma da suka kori Faransa, ba Dakta ta ce wani Dessalines ne ya riƙe su ba? Shi zaɓensa aka yi?

Dakta Rabi:
Ba a zaɓe shi ba, Baba. Kafin 1804 ta ƙare ya zama sarkin sarakuna, ya tilasta wa tsofaffin bayi komawa gonaki, a 1806 manyan sojojinsa suka kashe shi, ƙasar ta dare biyu. Wannan maki naku ne, ban hana ku ba. Abin da kawai ban ba ku ba shi ne: duk wanda ya hau mulki bayansa, mai kambi ko mai kaki, ba wanda ya iya maido da cinikin mutum a ƙasar. Faransa kanta sai 1848 ta soke bauta a karo na biyu, Amurka kuwa ba ta ma amince akwai wata ƙasa Haiti ba sai 1862, tana tsakiyar nata yaƙin basasar.